Kwana huɗu a kan Kogin Nilu tare da Autanmu

Ranar da Baba ya ce a hutun Disamba za mu je Masar duba yayanmu da ke karatu a Alƙahira, daga can kuma mu hau jirgin ruwan shaƙatawa daga Luksor zuwa Aswan, babu wanda ya yi tsalle a gidanmu. Gaba ɗaya Auta muka juya muka kalla.

Shekarar Auta tara, kuma yana da lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Maganarsa ba ta wuce 'yan kalmomi ba. Ƙara tana sukarsa a kunne kamar allura, in kuwa aka sauya masa abin da ya saba da shi, ko da kofin shayinsa ne, to wunin ya lalace. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yana mutuwar son ruwa, ga shi bai iya iyo ba. Goggo ta ce a bar mata shi, mu je mu dawo, wai me zai gane a can. Umma ta ce, "Yaya, in dai Auta ba zai je ba, ni ma na fasa." A nan maganar ta tsaya.

Mako uku muka yi muna shiri. Muka buga hotuna a kan 'yan katuna: jirgin sama, jirgin ƙasa, jirgin ruwa, gado, faranti, sannan ƙofar gidanmu a ƙarshe, don ya san tafiyar tana da dawowa. Kullum bayan sallar isha'i sai mu jera masa su a kan tabarma. Muka sayi abin toshe kunne irin na ma'aikatan filin jirgi, muka cusa kofinsa da bargonsa a jaka. Yaya kuma ya rubuta sunan jirgin da lambar wayarsa da Larabci a wata 'yar takarda, aka liƙe ta da leda, aka ɗaura masa a hannu kamar agogo.

Wanda ya saba ganin manyan jiragen teku a talabijin, masu ɗaukar dubban mutane, kada ya zaci irinsu ne a Nilu. Waɗannan ƙananan otal ne masu yawo a kan ruwa. Namu hawa huɗu ne, ɗakunan kwanansa sittin da 'yan kai, a can sama kuma akwai fili da kujeru da ɗan wurin wanka. Muna shiga ɗaki, abin da Baba ya fara yi shi ne roƙon ma'aikata su kulle tagar da makulli, domin taga ce doguwa da ake turawa gefe, ruwa kuma yana nan dab da ita. Muka raba aiki: duk awa biyu mutum biyu ne ke da alhakin Auta, ko banɗaki ɗaya zai shiga sai ya faɗa wa ɗayan.

Daga Luksor zuwa Aswan kilomita ɗari biyu da wani abu ne, mota za ta cinye shi a 'yan awoyi. Jirgin kuwa kwana huɗu yake ba shi. Nilu daga kudu yake gangarowa zuwa arewa, don haka mu da muka nufi Aswan gaba da ruwan muke yi, a hankali kamar tafiyar raƙumi. To wannan jan jikin shi ya yi wa Auta daidai, abin da ba mu taɓa zato ba. Babu igiyar ruwa mai jijjiga mutum. Lokacin abinci ba ya motsi, teburinmu ɗaya ne tun daga ranar farko, kuma wanda ke kawo mana abinci, wani dattijo Banube mutumin Aswan, tun kwana na biyu ya gane farar shinkafa ba miya da gurasa kaɗai yaron ke ci, ya riƙa ajiye masa ba tare da an tambaya ba. Sauran lokaci Auta yana sama, sanye da rigar ceto, ya dafa ƙarfe yana kallon gaɓa: gonakin rake, itatuwan dabino, ayaba, yara suna wanke jaki, bayansu kaɗan kuma sai jan dutse da rairayi. A aji an faɗa mana yawancin mutanen Masar a bakin kogin nan suke zaune. Sai da muka ga inda kore ya yanke, hamada ta fara, kamar an ja layi da rula, sannan muka fahimci dalili.

A Luksor mun shiga Karnak da sassafe kafin jama'a su cika. Akwai wani zaure mai ginshiƙai 134 na dutse, Auta ya bi su yana dafa kowane da tafin hannu, bai ɗaga kai ya dubi ko zane ɗaya ba. Mai yi mana bayani ya so ya ji haushi, daga baya ya haƙura.

Isna ce ta sace masa zuciya. A can akwai madatsar ruwa da ta tare kogin, ruwan da ke bayanta ya fi na gabanta tudu, don haka jirgi ba ya wucewa kai tsaye. Sai ya shiga wani dogon ɗaki na siminti mara rufi, a rufe ƙofar ƙarfe a bayansa, a sako ruwa ta ƙasa. Ba ka jin komai, sai dai ka ga bangon da ke gabanka yana nutsewa, ashe kai ne kake tashi, kai da jirgin da duk abin da ke ciki. In ruwan ya daidaita da na gaba, a buɗe ɗaya ƙofar, jirgi ya fita. Kafin layi ya zo kanmu, 'yan talla suka kewaye mu a cikin kwale-kwale, suna jefo jallabiyoyi da mayafai a leda har hawa na huɗu, in ka saya ka sa kuɗin a leda ka jefa musu. Ihunsu ya sa muka ɗora wa Auta abin kunnensa. Amma da bangon ya fara sauka, da kansa ya cire, ya riƙa kaɗa hannuwa yana dariya. A gida mutane kan ce a hana shi wannan kaɗa hannun, mu kuwa mun san murna ce. Ya ce, "Sama." Umma ta juya baya tana gyara mayafi, ta ɗauka ba mu ga hawayen ba.

Washegari a Idfu muka yi kuskure, kuma laifinmu ne. Daga bakin ruwa zuwa tsohon ginin da aka fara a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa, a keken doki ake zuwa, mu kuma ba mu da katin doki. Masu kekunan suna rige-rigen fasinja, ga ƙarar bulala, ga ƙararrawa, ga wani ya kamo hannun Auta zai ɗora shi. Nan take ya zube ƙasa, ya toshe kunnuwa yana ƙara. 'Yan uwa ɗalibai, in kun ga yaro irinsa a wannan hali, ba shagwaɓa ba ce, ba kuma aljanu ba ne kamar yadda aka sha faɗa wa Umma. Abubuwa ne suka yi wa ƙwaƙwalwarsa yawa a lokaci guda. Tsawa da taruwa a kansa ƙara wutar suke. Baba ya lulluɓe shi da bargo ya mayar da shi ɗaki, aka rufe labule. Rabinmu ne suka ga ginin Idfu, sauran a hoto muka gani.

Da yamma muka isa Kom Ombo, inda tsofaffin Misirawa suka yi wa gunkin kada ɗakin bauta, har yau kuma akwai busassun kadoji a wani ɗan gidan tarihi a gefensa. Bakin ruwan bai isa kowane jirgi ya samu gaɓa ba, saboda haka jerawa suke yi gefe da gefe, ƙofa na kallon ƙofa. Namu shi ne na huɗu: sai ka ratsa zauren jirage uku kafin ka taka ƙasa. Mun dawo bayan magariba, mutane cike da hanya, mu biyu manyan yayyensa muke bakin aiki. Da muka iso zauren jirginmu, kowa ya dubi hannun ɗan uwansa. Kowannenmu ya ɗauka ɗayan ne ke riƙe da shi.

Abin da ya fara zuwa mana shi ne ratar da ke tsakanin jirgi da jirgi, inda baƙin ruwa ke wucewa a ƙarƙashin katakon da ake takawa. Umma ba ta yi kuka ba, salati kawai take maimaitawa. Baba ya ruga sama wajen wurin wanka. Yaya ya yi wa ma'aikata bayani da Larabci, nan take suka hana jirgi na biyu kwance igiya, domin har ya tayar da inji zai tafi. Dattijon nan mai kawo abinci ne ya tambaye mu lambar ɗakinmu, da muka faɗa masa sai ya ce mu biyo shi. Muka koma jirgi na biyu, muka hau bene ɗaya, muka karya dama. Ga Auta zaune a ƙasa a bakin ƙofa ta biyar, ya jingina da ita yana jiran a buɗe. Hanyar ɗakinmu ya bi, bai kuskure ko taku ɗaya ba, jirgin ne kawai ba namu ba. Bai fi minti goma ba duka. Daren nan Baba bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mana sauƙi. Daga ranar, mai riƙe da Auta sai ya ce "yana hannuna" da ƙarfi, ɗayan ya amsa, kafin a taka kowace ƙofa.

A Aswan an kai mutane ganin babbar madatsar ruwan da aka kammala a 1970, da ginin Fila da aka kwashe dutse bayan dutse aka sake ginawa a wani tsibiri don kada ruwa ya cinye shi. Baba da Yaya suka je. Mu muka zauna a sama da Auta, jirgin ya zama namu mu kaɗai, muna kallon kwale-kwale masu farin tanti suna zagaya duwatsu har la'asar.

Yanzu wata biyu ke nan da dawowarmu. Kusan kullum da yamma Auta yakan jawo baho tsakar gida, ya sa silifas ɗaya a ciki, ya riƙa zuba ruwa da buta kaɗan-kaɗan yana kallon takalmin yana tashi. Ɗayanmu yana tsaye a kansa har ya gama. Ran nan Goggo ta zo ta tarar da shi a haka, ta tambayi me yake yi. Kafin mu ba ta amsa, ya ce, "Isna."