Tsakuwar da ke biyo bayan tiyatar rage ƙiba

Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya san matsarmama, 'yar koriyar jakar nan da ke manne da hanta, wadda ake cirewa cikin lallami don kada ta fashe ta ɓata nama. A jikin ɗan Adam aikinta ajiya ne. Hanta ke haɗa ruwan ɗaci, matsarmama ta tara shi, idan an ci abinci mai maiƙo sai ta matse ta tura shi cikin hanji. Masu shirin tiyatar rage ƙiba ba kasafai suke tuna ta ba, alhali tana cikin gaɓoɓin da ramar gaggawa ke fara taɓawa.

Dalilin a bayyane yake. Idan jiki ya shiga narkar da kitsensa da sauri, hanta kan zuba kolestarol mai yawa cikin ruwan ɗacin. A lokaci guda mutum ya rage cin abinci ƙwarai, don haka matsarmama ba ta matsewa yadda ta saba. Ruwan ya yi kauri, ya kwanta, ya daskare ya zama tsakuwa. Wani bincike da likita Harvey Sugerman ya jagoranta a Amurka, wanda aka wallafa a 1995, ya gano cewa kashi 32 cikin ɗari na waɗanda ba su sha maganin kariya ba sun samu tsakuwa cikin wata shida bayan tiyata. Cikin waɗanda aka ba miligiram 600 na maganin ursodiol kullum, kashi 2 kacal suka samu.

Abin da ya sa na damu da batun shi ne wata yayata da ke fataucin shinkafa a Kura. Ciwon suga da ciwon gwiwa suka sa ta tafi Alƙahira aka rage mata tumbi. Ta dawo tana godiya ga Allah, sugan ya sauka, tana iya sujada ba tare da kujera ba. A wata na biyar ciwo ya fara turnuƙe ta a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, yana harbawa har kafaɗa, musamman bayan ta taɓa soyayyen nama. Wani mai kemis a unguwarmu a Kumbotso ya ce olsa ce. Ta yi makonni tana shan farin maganin ruwa, kafin hoton ciki ya nuna tsakuwa.

A nan matsalarmu take. Likitan da ya yi aikin yana wata ƙasa, na gida kuma bai san me aka yanke ba, mu kuwa kusan duk ciwon ciki olsa muke kiransa. Idan tsakuwa ta gangara ta toshe bututun ruwan ɗaci, sai shawara ta biyo, wani lokaci da zazzaɓi, kuma jinkiri na iya kai wa ga rasa rai. Ga wanda aka karkatar wa hanyar abinci, abin ya fi wuya, domin na'urar da ake zura wa ta baki don ciro tsakuwar ba ta isa wurin cikin sauƙi.

Likitoci da yawa ba sa cire lafiyayyar matsarmama don rigakafi kawai. Wadda ke da tsakuwa kuma tana ciwo ce ake cirewa, ko kafin tiyatar, ko tare da ita, ko bayanta, kuma mutum na rayuwa lafiya lau ba tare da ita ba. Aiki ne da ake yi a manyan asibitocin Kano, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Saboda haka, wanda ya ƙuduri tafiya ya tambayi likitansa ko za a duba matsarmamarsa da hoto tukuna, da ko ya dace ya sha maganin kariya na wata shida. Ya dawo da rubutaccen rahoton irin aikin da aka yi masa, ya kuma nemi likitan fiɗa a gida tun kafin ya sayi tikiti. In ciwon gefen dama ya zo da amai, ko zazzaɓi, ko idanu suka yi rawaya, asibiti za a nufa a ranar.