Tsakanin "fifteen" da "fifty": yadda na zargi mai gaskiya

Mu mutanen Ɗan Barto a bakin iyaka muke zaune, Kwangwalam na gabanmu, Matameye na bayanmu. A lakwal Faransanci aka koya mana, Ingilishi kuwa a kasuwa muka tsince shi. A Faransanci "quinze" da "cinquante" ba su yi kama ba, shi ya sa ban taɓa zaton sha biyar da hamsin za su ruɗa ni ba.

Da aka sake buɗe iyaka a watan Maris na 2024, bayan rufewar da ta biyo juyin mulkin Yulin 2023, sai na koma sana'ata ta sayar da kayan gyaran babur. Wani ɗan kasuwa Ibo a Sabon Garin Kano, wanda Hausarsa ba ta nuna ba, ya faɗa mini kuɗin kwali guda ta waya. Ni dai "fifteen thousand" na ji. Na ga arha, na ce a ɗoro mini kwali goma, zan biya idan sun iso.

Kaya suka iso da takardar naira 500,000, ni kuwa 150,000 na tanada. Na kira shi na zazzaga masa baƙar magana, har na ce masa macuci. Shi ko rantsuwa kawai yake yi cewa "fifty" ya ce.

Ɗan yayata da ke karatu a Daura ne ya warware mini. Ya ce: "Kawu, a fifteen ƙarshen ake ja kuma a danna shi, a fifty farkon ake dannawa, ƙarshen ya fita a gajarce. Mai -teen daga 13 zuwa 19 yake, mai -ty kuwa gomiya ce, daga 20 zuwa 90. Haka thirteen da thirty suke, haka sixteen da sixty."

Kunya ta kama ni, domin Bahaushe ya fi kowa sanin wannan. Garin da ake tuƙa tuwo da shi daban, garin da ake zama cikinsa daban, jan wasali ne ya raba su. Kukan yaro da kukar miya kuwa karin sauti ne. Kunnen da ke rarrabe waɗannan tun yarinta shi ne ya gaza a harshen wani, ni kuma na ɗora wa bawan Allah laifin.

Na sayar da raguna biyu na cike kuɗin, na tafi Kano na ba shi haƙuri a gaban yaran shagonsa. Ya yafe, amma ya daina ba ni kaya bashi, kuma ban ga laifinsa ba.

Yanzu duk wanda ya faɗa mini farashi da Ingilishi, sai na ce ya rubuto mini lambar ta WhatsApp kafin in ce na saya.