Ice Ko Tagulla?

Mu huɗu ne a 'yar ƙungiyarmu ta kiɗan jaz: mai fiyano, mai bas, mai busa saksafon, sai makaɗin ganguna. Shekara guda cur muka yi muna tsimi da tanadi domin sayen ƙaramar gangar nan mai zaga ta waya a ƙarƙashinta, wadda kusan kowane bugu a kanta yake sauka. Kuɗin ganga ɗaya tak muka tara, in mun yi kuskure babu na gyara. Ranar da asusu ya cika sai gardama ta ɓarke: mai jikin ice za mu saya, ko mai jikin ƙarfe?

Makaɗinmu tagulla yake so. Hujjarsa ita ce muryarta tana da kaifi, tana keta taro, ya kuma kawo misalin Black Beauty ta kamfanin Ludwig, wadda sunanta bai dushe ba har yau. Mai bas ya ce atafau. Kayan kiɗansa a hankali yake magana, ba mu da amsa-kuwwa, saboda haka da zarar ganga ta ɗaga murya shi ya nutse ke nan. Ya tuna mana cewa Max Roach da Art Blakey sun yi tashe a shekarun 1950 a kan gangunan Gretsch. Mai fiyano kuwa damshin Kudu ya dame shi, domin ƙarfe kan yi tsatsa, ice kan kumbura. Har ta kai makaɗi ya daina zuwa gwaji mako biyu.

Da muka ga zumunci na neman lalacewa, sai muka roƙi mai kantin ya ara mana ganguna biyu, masu faɗin inci 14 da zurfin inci 5. Muka ɗaure su daidai wa daida a ɗan ɗakinmu. Mai saksafon ya shafa kowace da buroshin waya, ya taɓa ta da sanda a hankali, mu ukun mun juya baya. Ta tagullar ta cika ɗaki da amo. Ta icen mafil ta yi magana da taushi, ta bar wa bas gurbinsa.

Makaɗin ne ya fara nuna wadda kunnensa ya zaɓa, bai san ko wacce ba ce. Da ya waiwaya ya ga ice, sai ya yi shiru, can ya ce, "To, a biya."

Har yau in muka shiga babban zaure, yakan harari mai bas.