Marubuci Da Neman Kasuwa A LinkedIn



A da, marubucin da ke zaune a Kiru irina, in ya kammala littafi sai ya hau mota a Kwanar Dangora ya nufi Kano, ya kai wa dillalan littattafai na Sabon Gari, ya koma gida jiran ciniki. Yau takarda ta yi tsada, masu karatu sun koma waya. A WhatsApp ake sayar da labari, wasu kuma su kwafe su raba kyauta. To, da me marubuci zai ci abinci?

Wannan ne ya sa na buɗe shafi a LinkedIn, dandalin ma'aikata da 'yan kasuwa da aka fara a Amurka a 2003. Na jera sunayen littattafaina da Hausa da Turanci, na nuna ina fassara, ina kuma rubuta wasan kwaikwayo na rediyo. Kamfanonin ɗab'i da ƙungiyoyin da ke son isar da saƙo da Hausa suna duba irin wannan shafi kafin su ba mutum aiki.

Ku tuna, littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, kamfanin Blaft na Indiya ne ya buga fassararsa ta Turanci a 2012. Ashe mai son hajarmu yana iya kasancewa a wata uwa duniya.

Sai dai a yi hattara da 'yan damfara. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin ya ba ka aiki, ka rabu da shi.

Allah Ya sa alƙalaminmu ya ciyar da mu.