Baƙo a Mahaifa: Maganin Haihuwa da Dakarun Jiki

Duk wanda ya san unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa wa Hausawa a 1916, ya san aikin maigida. Falke zai iso daga Arewa da shanunsa bai san kowa ba, maigida ya sauke shi, ya tsaya masa har ciniki ya faɗa. To, irin wannan sha'ani ne yake gudana a cikin mahaifa.

Ɗan tayi baƙo ne, domin rabin halittarsa daga uba ta fito, ga shi kuwa aikin fararen ƙwayoyin jini shi ne yaƙar duk baƙon abu. Tun 1953 masanin nan na Ingila, Peter Medawar, ya yi tambaya: me ya hana jikin uwa korar wannan baƙo?

Bincike ya nuna cewa sinadaran haihuwa su ne maigidan. Furojestaron yakan sassauta zafin dakarun jiki, ya ƙarfafa waɗanda aikinsu sulhu ne. Har ƙwayoyin da likitoci ke kira NK, masu kisa a cikin jini, a mahaifa sukan koma magina, su taya faɗaɗa jijiyoyin da za su ciyar da mabiyiya.

Waɗannan sinadarai ne maganin neman haihuwa yake taɓawa. Allurar da ke nunar da ƙwai da yawa takan ɗaga istirojin nesa da yadda jiki ya saba, shimfiɗar mahaifa da dakarunta su sauya. Wannan na cikin dalilan da kan sa likita ya daskarar da ɗan tayi, sai jiki ya natsu a dasa shi.

Saboda haka matar da gorin dangin miji ya tura ta kantin magani, ta sayi Clomid ko allura ba da awon likita ba, ta yi kasada da lafiyarta. Haka kuma magungunan danne garkuwar jiki: hukumar HFEA ta Birtaniya ba ta ga hujjar cewa suna ƙara samun haihuwa ba, illarsu kuwa sananniya ce.

Asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe a 1957, ba shi da nisa da Sabo. Kamata ya yi miji da mata su tafi tare a auna kowa, domin sau da yawa matsalar daga namiji take. Allah ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, amin.