Kafin ka yarda a yi wa kwamfutarka fomatin

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake ba Windows 10, jama'a ke ta rububin komawa Windows 11. Ni kuma tun lokacin nake samun saƙo kusan iri ɗaya: "Malam, na sa ta sabuntawa, ga shi ta tsaya tana ta juya zobe." Wani kuma shuɗin allo take nuna masa, ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin da ake ba mutane a shago: "Sai dai a yi mata fomatin." Akwai ƙanwar abokina da aka share mata furojet ɗinta na ajin ƙarshe haka nan, babi huɗu, saura sati biyu ta miƙa. Wallahi na ga kuka ranar. Alhali sabuntawar ce kawai ta lalace, takardunta suna nan lafiya lau har lokacin da aka goge su.

Ku tuna 19 ga Yulin 2024, ranar da sabuntawar kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a duniya, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka rikice. Me ya gyara su? Shiga Safe Mode da goge gurɓataccen fayil guda ɗaya. Ba a share kayan kowa ba.

To idan taka ta maƙale, ga yadda nake yi. Ka fara ba ta lokaci, ko da awa biyu ne, tana jone da caji. Idan ta ƙi, ka danne maɓallin kunnawa har ta mutu, ka kunna, da ta fara tashi ka sake kashewa. A karo na uku za ta kai ka shafin gyara da kanta. Ka shiga Troubleshoot, sai Advanced options, sai Uninstall Updates, ka cire sabuntawar ƙarshe. In bai yi ba, ka gwada System Restore a wuri ɗaya. Wanda ya koma Windows 11 kuwa yana da kwana 10 da zai iya dawowa tsohuwar. Idan ta nemi makullin BitLocker, lambobi 48 ne, yawanci suna cikin asusunka na Microsoft.

Duk in sun ƙi, ka ce wa mai gyara ya fara kwashe maka kayanka a filashi, kana tsaye kana gani. Wanda ya ce ba shi da lokacin wannan, ɗauki abarka ka yi gaba.

Sannan mu ma mu san halin da muke ciki. Yawancin laftof ɗinmu na gwanjo ne, batirin ya mutu, ana ɗauke wuta take ɗif, kuma tsakiyar sabuntawa ne mafi munin lokacin da hakan zai faru. Da yawa ma ba su da TPM 2.0 da Windows 11 take buƙata, dole ake yi musu. Don Allah kafin ka danna komai, ka ajiye kwafin takardunka a wani wuri, ka tabbatar akwai wuta tsayayya.

Ku tura wa ɗaliban da kuka sani. Allah Ya tsare mana guminmu.