Mutumin da ya raka Inna

Shekara uku da rasuwar mijin Inna, ƙanwar mahaifiyata, gonarsa tana hannun wanda aka jinginar wa. A wani ƙauye ne kusa da Geceme, cikin Dallol Mauri, inda gonar fadama ta fi garken shanu daraja. Inna ta sayar da tumakinta ta haɗa kuɗin fansa, mutumin ya ce ai sayarwa aka yi. Babu takarda, shaidu biyu kuma ɗaya ya rasu.

Ni ne ɗan lakol na gidan, don haka ni aka kira. Na zo daga Doso da zafina, na rubuta ƙara shafi uku da Faransanci, na zuba duk abin da dangin mutumin suka taɓa yi mana tun zamanin kakanni. Inna ta saurari fassarar, ta ce, "To, ɗana," ta ninke takardar ta sa ƙarƙashin tabarma.

Wani tsohon malamin makaranta ne ya fitar da mu. Ba lauya ba ne; lauyoyin Nijar kusan duka suna Yamai, kuma kuɗin motar zuwa kaɗai ya isa ya cinye tunkiya. Yana cikin waɗanda ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam irin su ANDDH suka koya wa abin da ya sawwaƙa na doka. Ba danginmu ba ne, ba bafaden kowa ba, kuma bai karɓi ko dala ba.

Tambayar da ya fara yi, ni ban taɓa yin ta ba: "Hajiya, me kike so a yi?" Ashe Inna ba ta son kotu. Ƴarta tana aure a gidan ƙanen mutumin. Gonar marayu take so, ba tare da an sako mata ƴa ba.

Ya bayyana mata cewa a dokar ƙasa, rikicin gona sai ya bi ta hannun sarakunan gargajiya kafin alƙali, kuma ko an sasanta ko ba a sasanta ba, haƙƙinta ne a rubuta a ba ta. Ya ce tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin filaye da ke rubuta jingina da aro, abin da marigayi bai yi ba.

Ranar zaman, ya zauna bayanta. Sau ɗaya ya buɗe baki, da aka katse ta: "Ranka ya daɗe, ba ta gama ba." Ni an hana ni magana, kuma gaskiya an kyauta.

An sasanta a kan mutumin ya ci damina ɗaya ya saki. Har yau ina ganin an ƙware ta da daminar nan. Ita kuwa ta sa yatsa a takarda, ta tambayi malam ko ya ci abinci.